Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin 'yan kasuwa da manyan dillalan Tawa: a buɗe wa mai tebur ƙofar kai ƙorafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhazai, shugabanninmu, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku, da addu'ar Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ina neman izininku in yi magana a kan wasu mutane da ke neman abinci a ƙarƙashinku amma ba a jin muryarsu in an zauna shawara. Ina nufin masu tebur da ƙananan masu shago na cikin unguwanni, daga Bilbis har Sabon Gari, da na bakin tasha, da na gefen titin Agadas, masu sayar da sigari da ashana da ganyen shayi da sukari da batir da madarar gwangwani. Ina haɗawa da dattawan da ke shimfiɗa tabarma ranar kasuwar Lahadi suna auna taba gari da kanwa. Ni malamin makaranta ne da ya ajiye alli. Masu teburin unguwarmu da dama ni suke kawo wa littafin bashinsu in haɗa musu lissafi, kuma a wurinsu gidana ke sayen shayi da sukari. Don haka ƙorafin mai saye yana zuwa kunnena, kukan mai sayarwa ma yana zuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ƙorafi ke tafiya a garin nan. Mutum ya sayi abu ya tarar ya lalace, sai ya koma wurin wanda ya miƙa masa, kuma yana da gaskiyar komawa. Mai tebur ya sha faɗa, ya mayar da kuɗi ko ya rasa abokin ciniki, wani lokaci ya yi asarar duka biyun. Daga nan sai magana ta tsaya cik. Ba ta isa shagon da ya saro kayan, ba ta isa ma'ajin da kayan suka yi watanni, balle ta kai ga wanda ya shigo da su ƙasa. Mai ƙaramin jari, wanda kayan suka yi 'yan kwanaki kawai a hannunsa, shi ke biyan ɓarnar da ta auku a hannun wasu.

Kun fi ni sanin abin da hanya ta koma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa ƙasarmu Nijar, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta daɗe a rufe. Kayan da a da ke tahowa daga tashar jirgin ruwan Kwatano suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja, su jira a nan su jira a can kafin su iso Yamai, sannan a sake lodi a biyo ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Tawa. Iyakar Najeriya ta wajen Illela sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗe ta. Katan ɗin da ya yi irin wannan tafiya ya sha rana a ƙarƙashin tamfol, in lokacin damina ne ya sha feshin ruwa, ya iso nan kuma ya shiga ma'aji mai rufin kwano a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce maki 40. Ba laifinku ba ne hanya ta tsawaita, kuma na san ku ma kun ji jiki a kuɗin mota da na duwan. To amma ba laifin mai tebur ba ne shi ma, kuma shi ne bai san ta inda kayan suka biyo ba.

Taba kaya ce mai jan danshi, mai saurin bushewa kuma. Duk wanda ya taɓa buɗe sigarin da rima ta kama ya san abin da nake faɗi. Ledar waje tana nan da ƙyallinta, ba ta huje ba, ba ta tsage ba. Sai an ɓare kwali sannan a ga takardar karan ta yi ɗigo-ɗigon rawaya, wani ya manne da ɗan'uwansa, warin fumfuna ya buge hanci. Wanda ya gasu a ma'aji kuwa, in ka murza kara tsakanin yatsu sai ka ji yana ƙaras-ƙaras, garin tabar na zubowa ta baki. Mai tebur yana saro ƙunshi mai kwali 10, kowane kwali kara 20, duk a liƙe. Ba shi da yadda zai ga ciki sai ya ɓare, in ya ɓare kuma ba mai sayen kwalin a matsayin sabo, sai dai ya sayar da shi kara-kara. Haka lamarin yake da ganyen shayin da ya yi gumi a cikin kwalinsa, da madarar garin da ta dunƙule, da batir ɗin da ya mutu tun yana cikin leda.

A daminar da ta wuce abin ya faru da wani yaro a unguwarmu. Ya yi shekaru yana bida a Abijan, kamar yadda samarin Adar da yawa ke yi, ya dawo da ɗan jarinsa ya kafa tebur a bakin titi don ya zauna kusa da mahaifiyarsa. Wani mai kabu-kabu ya sayi kwali guda a wurinsa, ya tafi fada ya buɗe a gaban abokansa, ya tarar duk ya yi fumfuna. Bai koma teburin ba. Nan take ya ɗauki hoto, ya yi saƙon murya cikin fushi ya tura a dandalin WhatsApp na unguwa, ya ambaci yaron da sunansa da inda yake zama, ya ce jabu yake sayarwa, kowa ya kiyaye shi. Kafin magariba saƙon ya zaga wayoyin matan aure da na tsofaffi, har waɗanda ba ruwansu da sigari suka daina aiken yara sayen sukari a wurinsa.

Washegari na raka shi shagon da ya saro kayan, yana rungume da sauran ƙunshin. Mai shagon ba ya nan. Yaron shago ya ɗaga kwali ɗaya ya sansana, ya ajiye, ya ce kaya in sun fita ba su dawowa. Da muka matsa, sai ya ce ina shaidar cewa a nan aka saya, ai ba su kaɗai ke sayar da irin wannan ba a kasuwa. Gaskiya ce, ba shaida, domin ba a taɓa ba yaron nan ko guntuwar takarda ba tun ranar da ya fara sari a wurin. Ya tsaya shiru yana kallon katan-katan ɗin da ke jere a bayan kanta, waɗanda ya tabbata daga cikinsu aka ciro nasa, sannan ya ɗauki ƙunshinsa muka fito. Na san abin da ke cikin littafinsa. Ribar da yake samu a kwali 'yan daloli ne, ƙunshin nan guda ya cinye masa ribar makonni, kuma rabin kuɗinsa bashi ne da dole ya biya ranar Lahadi.

Ranku ya daɗe, wannan magana ta cewa kaya in sun fita ba su dawowa ba ta da tushe a addininmu. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa wanda ya sayi abu, daga baya ya tarar da aibin da ya riga ciniki kuma ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Kun san hadisin nan da Muslim ya ruwaito, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya wuce wurin mai sayar da tulin abinci, ya sa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai abincin nan ba shi ya saukar da ruwan ba, amma hakan bai wanke shi ba, tunda ya san da danshin ya bar shi a ƙasa. Hukuncin nan bai bambanta mai sayen kara ɗaya da mai sarin ƙunshi ba. Mai tebur, a lokacin da yake tsaye gaban kantarku, shi ma mai saye ne.

Ta fuskar hukuma ma ƙasarmu tana da doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayun 2015, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan kare haƙƙin masu saye. Sai dai kowa ya san mai tebur ba zai rufe teburinsa ya tafi gidan shari'a a kan jika uku ko huɗu ba. Kuɗin zirga-zirga kaɗai ya fi abin da yake nema, ga tsoron kada dillalinsa ya ji haushi ya yanke masa bashi. Shi ya sa na kawo kukan wurinku, domin ku ne kusa, kuma maganarku tana da nauyi a cikin kasuwa fiye da takardar da ta fito daga ofis.

Na san a cikinku akwai masu karɓar kayan da suka lalace ba tare da gardama ba, na ga wanda ya sauya wa mai tebur katan guda ya kuma ba shi haƙuri. Allah ya saka musu. Damuwata ita ce abin ya rataya ga halin mutum da sanayya. Wanda kawunsa abokin Alhaji ne ana karɓar nasa, baƙon da ya dawo daga bida jiya ana ce masa ina shaida.

Sai in koma kan mai saye, domin shi ma akwai maganar da ya kamata ya ji. Mai kabu-kabun nan an cuce shi, kuɗin guminsa ya bayar. Amma tsakanin kaya sun lalace da mutum yana sayar da jabu akwai nisa mai yawa. Na farko hatsarin kasuwa ne, na biyu tuhumar ha'inci ce, kuma ya yi ta a bainar jama'a ba tare da ya tambayi yaron ko kalma ɗaya ba. Da ya koma teburin, da an mayar masa da kuɗinsa tun kafin ya gama bayani. Saƙon murya in ya fita ba ya da linzami, kuma wanda ya saurari zargi ba lallai ne ya ji gyaran da ya biyo baya ba. Mutanenmu da yawa ba su san cewa dokar 2019 a kan laifukan intanet ta shafi ɓata suna ta waya ba, kuma a watan Yunin 2024 an ƙara tsananta ta har da ɗauri. Ba na fatan maƙwabci ya kai maƙwabci kurkuku a kan kwalin sigari. Amma muddin mai saye ba shi da wata ƙofar da ya san in ya ƙwanƙwasa za a saurare shi, wayarsa zai ɗauka, kuma ba zan ga laifinsa gaba ɗaya ba.

Kada a ɗauka na zo wanke masu tebur ne. Hausawa sun ce in an daki jaki a daki taiki. Akwai ƙorafe-ƙorafen da ake yi a kansu da suke gaskiya ne tsantsa, kuma ina faɗa musu a gaban idonsu in sun kawo littafi. Akwai maganar canji: mutum ya ba da dala ashirin ya sayi abin dala goma sha biyar, a ce masa ba canji, ya ɗauki alewa ko ashana, ko yana so ko ba ya so. Ƙarancin ƙananan sulalla gaskiya ne, amma akwai wanda sulallan na cikin gwangwaninsa yake faɗin haka. Akwai wanda ke ƙin karɓar tsohuwar takardar kuɗi daga hannunka, shi kuma ya ba ka wadda ta fi ta yagewa. Akwai ƙullin sukarin da ke ƙanƙancewa kowane wata farashi bai motsa ba, da tiyar da aka bubbuga gindinta ya shige ciki, da gwangwanin madarar da aka kankare kwanan watan lalacewarsa. Akwai farashin da ya hau ranar da aka rufe iyaka, aka buɗe iyakar shi bai sauko ba.

Waɗanda abin ya fi ci kuwa ba masu waya a hannu ba ne. Makiyaya ne, Abzinawa da Fulani, da ke shigowa ranar Lahadi su sayi shayi da sukari da tabar taunawa ta tsawon makonni, su koma daji wajen Abalak ko Cintabaraden. Sai sun isa masauki su kwance kaya sannan su tarar an cakuɗa musu tabar da ƙasa, ko shayin ya yi gumi. Ba su da dandalin da za su tura saƙo, wasunsu Hausar ma ba ta ishe su gardama ba. Haka tsohuwar da ta aiki jikanta. Duk tsarin da za a kafa, in bai kai ga waɗannan ba, bai kai ko'ina ba.

Game da tabar kanta, bari in fito fili. Ba na sha, kuma ban rubuto don in tallata ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da waɗanda hayaƙin wani kawai suka shaƙa. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayun 2006, wadda ta hana tallar taba, ta hana shanta a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa yara. Na yi aikin aji, na san yadda kara ɗaya da aka saya a ɓoye a hanyar makaranta ke zama ɗabi'ar da mutum zai yi ta fama da ita har tsufa. Mai teburin da ya miƙa wa ɗan makaranta sigari, ko da yaron ya ce babansa ne ya aiko shi, ba ni da wata kariya da zan ba shi, kuma ina roƙon ku ma kada ku ba shi. Uban da ke aiken ɗansa sayen sigari ya tashi ya je da ƙafarsa. Amma kasancewar taba mai cutarwa bai halatta a zalunci wanda ke sayar da ita ga baligai bisa doka ba, bai kuma halatta a sayar wa mashayi ruɓaɓɓiya a ce ya yi shiru ba.

Abin da nake roƙo na farko ƙarami ne: takarda. Kowane dillali ya ajiye littafin rasit mai kwafi biyu, a rubuta kwanan wata da irin kayan da adadinsu da lambar da ke jikin katan, da boko ko da ajami, a yaga ɗaya a ba mai sari. Littafin nan bai kai kuɗin kwalin shayi ba. Tare da shi ku amince, a matsayin ƙungiya, da wasu kwanaki da mai sari zai iya dawo da kayan da aibinsu a ɓoye yake. Ku kuka san kasuwa, ku za ku tsayar da adadin, ni dai roƙona kada ya gaza daga Lahadi zuwa Lahadi, don makiyayi da mutumin ƙauye su samu dawowa. A kuma bar mai sari ya ɓare kwali ɗaya daga cikin ƙunshi a gaban kanta kafin ya biya. In lafiya lau ne kwalin nasa ne, zai sayar kara-kara. In ba lafiya ba, magana ta ƙare a nan ba wanda ya ji.

Na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Kasuwannin Hausa tun kaka da kakanni suna da sarkin kasuwa da dattawan da ake kai wa rigimar ciniki. Abin da ya rage shi ne a ba wannan zama rana da wuri sananne, ko da kowace Litinin ce da hantsi bayan an watse daga kasuwar Lahadi, a kuma faɗaɗa tabarmar. A samu dillali ɗaya, a samu mai tebur ɗaya wanda 'yan uwansa masu tebur suka zaɓa da kansu, ba wanda aka naɗa musu ba. A samu mai magana da yawun masu saye, kuma ya kamata a samu mace a ciki, tunda mata ne suka fi kowa sanin abin da ke cikin ƙullin sukari. A samu malami mai sanin hukuncin ciniki, da wanda ke jin Tamashek da Fulatanci. Kada a karɓi ko dala daga mai kawo ƙorafi. A zo da kayan a ajiye a tsakiya, mai ƙorafi ya faɗi nasa, wanda ake ƙorafi a kansa ya faɗi nasa, ba a yanke komai a bayan idon kowa. In magana ta nuna ɓarnar daga sama ta taho, a kira dillali ya zo ya zauna a tabarma ɗaya da mai tebur. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi, amma in mai kuɗi ba ya amsa kira, zaman ya zama wurin hukunta talaka kawai, gara ma ba a kafa shi ba.

Wani Alhaji zai ce ai masu tebur za su mayar da abin hanyar cuta, mutum ya bar kaya ruwa ya jiƙa a ɗakinsa ya dawo ya ce haka ya saya. Za a samu masu gwadawa, ban musa ba. Amma lambar katan tana kan rasit. A je ma'aji a ɓare wani ƙunshi daga katan ɗin ko 'yan uwansa da suka zo mota ɗaya. In su ma sun yi fumfuna, an san inda ɓarna ta fito. In lafiya suke, a je a duba inda mai teburin ke kwana da kayansa. Wanda rufinsa ke yoyo ya ɗauki asararsa, wanda aka kama da ƙarya a rubuta sunansa kowa ya sani. In kuma ya tabbata kayan a lalace suka iso daga Yamai, to a nan ne ƙungiyarku za ta yi amfani, domin dillali ɗaya in ya koka wa mai shigo da kaya ana iya share shi, amma ba a share 'yan kasuwar Tawa in sun yi magana da murya ɗaya.

Abubuwa biyu nake so kada a manta bayan an yanke hukunci. In an wanke mutum, a sanar a inda aka zarge shi. Wanda ya tura saƙon zargi a dandali ya sake tura na gyara da muryarsa a dandalin nan, in ya ƙi, zaman ya tura. Yaron unguwarmu har yau akwai gidajen da ba a aike wurinsa, don ba wanda ya taɓa gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Sannan kayan da aka tabbatar sun lalace a ƙona su ko a binne a gaban shaidu. Kowa ya san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa in an bar su: a karya farashi, a loda wa 'yan kasuwar ƙauye, su je su sauke a kan mutanen da ba za su taɓa dawowa ƙorafi ba.

Maganar ma'aji ba sai na tsawaita ba. A ɗaga katan daga ƙasa a kan katako, a nisanta shi da kwanon rufi da jikin bango, wanda ya riga shigowa ya riga fita.

Akwai kuma taimakon da ya wuce sasanta rigima. Daga abin da nake gani a littattafan nan, sigari ne kayan da mai tebur ke samu bashi cikin sauƙi, saboda yana saurin fita kuɗi ya dawo. Shinkafa da taliya da mai da sabulu sai da kuɗi hannu. Wannan ke ɗaure yaro ga sigari ko da ransa ba ya so, kuma na san da dama da suke so su rage shi, wasu saboda wa'azin malamai, wasu saboda iyayensu ba su jin daɗin kuɗin. Mai teburin da ya shekara yana biyan bashinsa a kan lokaci ya nuna amanarsa. Ku buɗe masa bashin kayan abinci, ko kaɗan-kaɗan. Teburan nan su ke kai kayanku lungunan da motarku ba ta shiga, su ke buɗe har tsakar dare, su ke ba ma'aikaci bashin shayi da sukari har ƙarshen wata ba tare da takarda ba. Kowane tebur da ya rufe, mai shi hanyar Libiya ko ta Aljeriya yake fara tunani, kuma mun san abin da hamada ke yi wa 'ya'yanmu.

Ba ku kaɗai za ku ɗauki nauyin ba. Reshen Majalisar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Nijar yana nan Tawa, ofishin kasuwanci na jiha yana nan, hukumar ANMC mai kula da awo da ingancin kaya aikinta ne duba sikeli, ƙungiyar kare masu saye ta ADDC Wadata ta daɗe a wannan fage. Hukumar birni, wadda masu tebur ke biyan tikitinta, za ta iya ba da rumfar zama. In ku kuka gayyace su za su zo, mai tebur in ya gayyata ba wanda zai amsa.

Ga bazara ta kama, motocin da za su sha ruwan farko suna kan hanya. Ina roƙonku ku kira taro kafin damina ta sauka, ku aika a gaya wa masu tebur na kowace unguwa su turo wakilinsu, a fara da maganar rasit da kwanakin mayar da kaya. Na yi magana da masu teburin unguwarmu, sun yarda in zo da littattafansu ku duba da idonku, kuma sun ce ranar da kuka sa za su rufe tebur su zo.

Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku,
malamin makaranta mai ritaya,
Tawa.